Wa'azin da aka yi a bakin kabarin ƙanina

Kabiru:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwana tara da rasuwar ƙanina, kuma akwai abin da ya tsaya mini a maƙogwaro. Na kawo shi nan ne saboda akwai malamai da fastoci a cikinmu.

Ba zan rufe ku ba, yaron ya sha fama. Shaye-shaye ya kama shi tun yana ɗan shekara 17, sallah kuwa yau ya yi gobe ya bari. Ya rasu yana da shekara 26. Liman ya sallace shi lafiya, muka kai shi makwancinsa. Muna cikin mayar da ƙasa, shebur na hannuna, sai wani malami da ya biyo jana'izar ya ɗaga murya ya fara wa'azi. Bai kama suna ba. Amma ya miƙa yatsa wajen kabarin ya ce a dubi ƙarshen mai wasa da sallah, sannan ya dinga jero ayoyin wuta ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya san da wanda yake. Abokan yaron suka sunkuyar da kai, biyu daga cikinsu suka juya suka fita daga maƙabartar.

Kafin mu koma gida maganar ta riga mu isa kunnen mahaifiyarmu. Tun ranar ba ta yi kuka ba, ko ɗigon hawaye. Jiya da asuba na same ta a kan darduma, ta ce da ni: Kabiru, in dai a wuta yake, addu'ar tawa za ta yi masa wani amfani? Na kasa ba ta amsa.

Malamin nan yana da hurumin yin abin da ya yi? Ku kuma 'yan'uwa Kiristoci, ya kuke yi idan wanda ya mutu kowa ya san halinsa?

Hajiya Rabi:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya ba Mama haƙuri. Ɗana, ka ce mata kada ta fasa addu'a ko na dare ɗaya.

Nasiru:
Allah ya gafarta masa. Amma Yaya Kabiru ka yi haƙuri, gaskiya ɗaci gare ta. Samari nawa ne suke zama a majalisin wa'azi? Maƙabarta ce kaɗai wurin da zuciyarsu take yin laushi. In malami ya yi shiru a nan, a ina zai same su? Kuma kai da bakinka ka ce bai ambaci suna ba.

Malam Sulaiman:
Wa alaikumus salam. Kabiru, Allah ya jiƙan ƙaninka, ya sa can ta fi masa nan. Shekara 22 ina limancin jana'iza, bari in faɗi abin da na koya.

Ita sallar gawa ka dube ta da kyau. Kabbara huɗu ce, babu ruku'u, babu sujada, babu huɗuba. Gaba ɗayanta ceto muke nema wa mutumin da ke kwance a gabanmu. Ba ya yiwuwa jama'a su tsaya sahu-sahu suna roƙon Allah ya yafe masa, bayan rabin sa'a kuma wani ya miƙe ya sanar da su hukuncin da aka yanke. Abin da Annabi (SAW) ya koyar a faɗa bayan an gama binnewa yana cikin Abu Dawud: ku nema wa ɗan'uwanku gafara, ku roƙa masa tabbata, domin yanzu ake tambayarsa. Ɗan'uwanku ya ce.

Nasiru, wa'azi a bakin kabari yana da asali, ban musa ba. Bukhari ya ƙulla babi a kansa, ya kawo hadisin Sayyidina Ali: suna jana'iza a Baƙi'a, maƙabartar Madina, Annabi ya zauna suka zauna kewaye da shi, yana tona ƙasa da sandar da ke hannunsa, ya ce babu wani cikinku face an rubuta mazauninsa na Aljanna ko na wuta. Ka lura, cikinku ya ce. Da rayayyu yake magana a kan makomarsu su. Bai nuna kabarin ya ce ga misali ba. A Bukhari ɗin nan dai, Nana A'isha ta ruwaito cewa kada ku zagi matattu, domin sun isa ga abin da suka gabatar.

Batun bai kama suna ba kuwa, yatsa ma suna ne.

Nasiru:
Allah gafarta Malam, na ji. To hadisin Muslim da ya ce tsakanin mutum da kafirci barin sallah fa? Da kuma jana'izar da aka wuce da ita mutane suka ambace ta da sharri, Annabi ya ce ta wajaba, wato wuta, ku ne shaidun Allah a bayan ƙasa? Ni tsorona shi ne mu mayar da jana'iza wurin lallashi kawai, har yara su ɗauka ko me mutum ya yi, da an sa masa likkafani ya zama ɗan Aljanna.

Malam Sulaiman:
Tsoronka yana kan hanya, zan dawo kansa. Hadisan biyu duka ingantattu ne.

Wanda ya bar sallah don kasala, bai musa wajabcinta ba, Malik da Shafi'i da Abu Hanifa ba su fitar da shi daga Musulunci ba. Shahararriyar ruwaya daga Ahmad ce ta kafirta shi. Amma Ibn Ƙudama, wanda shi kansa Bahambale ne, wato mabiyin mazhabar Ahmad, ya faɗa a littafinsa Mugni cewa ba a san wani zamani da aka ƙi yi wa mai barin sallah wanka da sallah da binnewa a maƙabartar Musulmi ba. Ƙanin Kabiru ma ba barinta ya yi ɗungurungum ba, yi yake yana faɗuwa.

Wanda ya ce ta wajaba, mai karɓar wahayi ne. Haka a Haibar, sahabbai suna cewa wane shahidi ne, Annabi ya ce a'a, na gan shi a wuta saboda mayafin da ya ɗauka daga ganima. Shi an nuna masa. Mu wa ya nuna mana? Shi ya sa Imam Ɗahawi ya rubuta a littafinsa na aƙida cewa ba ma saukar da wani daga ma'abota alƙibla, wato Musulmi, a Aljanna ko a wuta. Akwai kuma hadisin da ya kamata ya hana kowane mai wa'azi barci, yana cikin Muslim: wani ya ce wallahi Allah ba zai gafarta wa wane ba, Allah ya ce wane ne yake rantsuwa a kaina cewa ba zan gafarta wa wane ba? Na gafarta masa, na rushe aikinka.

Fasto Bitrus:
Sannu da rashi, ɗan'uwa Kabiru. Ubangiji ya ta'azantar da Mama.

Wannan matsalar muna da ita, har ma ta fi muku yawa, domin mu jana'izarmu da wa'azi take tafiya. Na taɓa zama a wata jana'iza inda mai wa'azi ya dafa akwatin gawa ya ce wannan dai ya makara, ku ne ba ku makara ba. Matar mamacin tana zaune a layin gaba, ɗanta ƙarami a cinya. Na ga lokacin da ta rufe wa yaron kunne da tafin hannunta. Shekaru ke nan, ban manta ba.

Ni na gaskata akwai hukunci, na gaskata akwai wuta, kuma ba na ɓoye wannan a kan mumbari. Amma ba ni da labarin abin da ya wuce tsakanin mutum da Mahaliccinsa a numfashin ƙarshe. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu, da a ce an kawo mini gawarsa ban ji abin da aka faɗa a kan gicciyen ba, da hukuncin da zan yi masa kuskure ne. Luka 23:43 ta ce an yi masa alkawarin Firdausi a ranar.

Akwai wurin da nake yawan komawa, Luka 13. Aka zo wa Yesu da labarin mutanen da suka mutu mummunar mutuwa, shi kuma ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa. Ya tambaya, kuna tsammani sun fi sauran mutane zunubi? Ya ce a'a, in ba ku tuba ba ku ma za ku hallaka. Ya ɗauke idon jama'a daga kan matattu ya mayar a kan masu sauraro. Abin da nake ƙoƙarin yi ke nan. Idan mamacin ban san bangaskiyarsa ba, ba na cewa yana wurin Ubangiji, ba na cewa ya hallaka. Ina faɗin alherin da aka san shi da shi in akwai, in karanta Farawa 18:25, Mai shari'ar dukan duniya ba zai yi daidai ba? Sai in yi wa masu rai bishara.

Hajiya Rabi:
Malam da Fasto, ku bar ni in kawo ɗaya gefen, don ni shi ne ya ƙone ni. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, wani danginsa ya riƙe dukiyarmu ya cinye tas. Mahaifiyata ta mutu tana jiran haƙƙinta. Ranar da mutumin nan ya rasu, malamin da ya zo ta'aziyya ya zauna a gabanmu yana cewa bawan Allah ne, mai riƙon amana, in sha Allahu yana Aljanna. Ina zaune ina ji kamar ana zuba mini garwashi a ƙirji. Ban so a ce yana wuta ba, Allah ya sani. Amma da aka ba shi Aljanna a gabana, sai na ji kamar an ce zaluncin da aka yi mana ba komai ba ne. Don haka Nasiru bai yi ƙarya duka ba.

Malam Sulaiman:
Hajiya, wannan shi ne abin da na ce zan dawo kansa. Laifin guda ne, ya canza riga kawai. Mai rabon Aljanna da mai rabon wuta duka sun ɗauki mabuɗin da ba a ba su ba.

Usman bin Maz'un sahabi ne babba, ya yi hijira, an san ibadarsa. Da ya rasu Ummul Ala ta ce na shaida Allah ya girmama ka. Annabi ya ce me ya sanar da ke Allah ya girmama shi? Ya ce yana yi masa fatan alheri, sannan ya rantse cewa shi kansa, yana Manzon Allah, bai san abin da za a yi da shi ba. Ummul Ala ta ce daga ranar ba ta ƙara tsarkake kowa ba. Bukhari ya ma ƙulla babi cewa ba a cewa wane shahidi ne.

Haƙƙin mutane kuwa, a nan ne liman ya kamata ya buɗe baki. An kawo wa Annabi gawa ya tambaya ko ana binsa bashi, aka ce dinare uku, ya ce ku sallaci mutuminku. Sai da Abu Ƙatada ya ɗauki bashin a wuyansa sannan ya sallace shi. Da malamin nan ya ja magada gefe ya ce akwai dukiyar marayu a wuyan mahaifinku, ku sauke masa, da ya taimaki mamacin ya taimake ku. Yabon da ya yi bai rage masa ko ƙwayar zarra ba.

Maryamu:
Sannu Yaya Kabiru. Ni 'yar Katolika ce. Abin da fada ya taɓa koya mana, kuma ya zauna mini: Coci tana ayyana waliyyai, amma ba ta taɓa kama sunan mutum ɗaya ta ce yana wuta ba. Mu muna yi wa matattu addu'a, saboda mun gaskata akwai tsarkakewa bayan mutuwa ga wanda ya mutu cikin alherin Allah amma da sauran datti. Kuma tsarin jana'izarmu ya ce fada ya yi wa'azi a kan karatun ranar, kada ya mayar da shi jawabin yabon mamaci. Ba kowane fada ke kiyayewa ba, gaskiya.

A da an fi tsanani. Dokar coci ta 1917 ta hana yi wa wanda ya kashe kansa da gangan jana'izar coci. Ta 1983 ta cire shi daga jerin. Katekizim na 1992, littafin koyarwar coci, ya ce kada a yanke ƙauna ga ceton irin waɗannan, domin Allah yana da hanyoyin da shi kaɗai ya sani na ba su damar tuba. Koyarwa a kan zunubin ba ta canza ba. An dai fahimci cewa ciwon ƙwaƙwalwa da tsananin ƙunci suna rage wa mutum alhaki.

Fasto Bitrus:
A nan muka rabu da ke, 'yar'uwa Maryamu. Mu ba ma yi wa matattu addu'a, mun tsaya a kan Ibraniyawa 9:27, mutuwa sau ɗaya sannan shari'a. Wannan yana sa aikin fasto ya fi nauyi, don ba ni da abin da zan ba uwa ta ci gaba da yi wa ɗanta. Sai dai in nuna mata halin Allah da ta miƙa shi gare shi.

Gardamar ma tsohuwa ce. Littafin addu'a na cocin Ingila na 1662 ya sa a faɗa a bakin kabari cewa ana binne mamaci cikin tabbataccen begen tashi zuwa rai madawwami, kuma tun a wancan zamani akwai masu ƙorafin ana karanta wannan a kan kowa, na kirki da mugu. Littafin dai ya hana a yi amfani da tsarin ga wanda ba a yi wa baftisma ba, da wanda aka fitar daga coci, da wanda ya kashe kansa.

Malam Sulaiman:
Mu a Risala ta Ibn Abi Zaid an faɗa ƙarara cewa ana sallatar wanda ya kashe kansa. Muslim ya ruwaito an kawo wa Annabi irin wannan bai sallace shi ba, malamai suka ce tsawatarwa ce daga shugaba, sauran jama'a suna sallata. Ka ga ko a wurin da aka so tsawatarwa, janyewa aka yi cikin shiru. Ba a tsaya a kan gawar ana jawabi ba.

Safiya:
Na daɗe ina karantawa ina jinkirin magana. Na musulunta shekara 9 da suka wuce. Mahaifiyata ta rasu bara tana Kirista, mace mai tsoron Allah iya saninta, ita ta yi jinyata har na haihu. A jana'izarta faston ya karanta Yahaya 14:6, inda Yesu ya ce ba mai zuwa wurin Uba sai ta wurinsa, yana kallona. Da na koma cikin 'yan'uwana Musulmi, wata ta ce mini kada in kuskura in ce Allah ya jiƙanta. Na zama ba ni nan ba ni can. Malam, don Allah ka faɗa mini gaskiya, kada ka lallashe ni.

Malam Sulaiman:
'Yata, ba zan lallashe ki ba. Suratut Tauba aya ta 113 ta hana nema wa wanda ya mutu a kan shirka gafara, kuma malamai sun tafi a kan cewa ba a nema wa wanda ya mutu ba Musulmi ba gafara. Ba ni da ikon sauya wannan. Annabi kansa an jarrabe shi da irin ciwonki a kan baffansa Abu Ɗalib, wanda ya rene shi ya kare shi.

Amma ga abin da ba a hana ki ba. Ba a hana ki kuka ba. Ba a hana ki son ta, da faɗin alherinta, da sada zumunta da danginta ba. Da Abu Ɗalib ya rasu Annabi ya ce wa Ali ya je ya binne mahaifinsa. An wuce da gawar Bayahude Annabi ya miƙe tsaye, da aka yi masa magana ya ce ashe ba rai ba ne? Kuma hukuncin da muke da shi na zahiri ne. Suratul Isra'i aya ta 15 ta ce Allah ba ya azabtarwa sai ya aiko manzo. Yadda saƙo ya isa gare ta, da abin da ta fahimta, da abin da ta cika a kansa, yana wurin wanda ba ya zaluntar kowa daidai da ƙwayar zarra. Wadda ta yi miki maganar nan a cikin makoki, ko da hukuncin da ta faɗa daidai ne, ta zaɓi mummunan lokaci.

Fasto Bitrus:
Safiya, ayar da aka karanta na gaskata ta da dukan zuciyata, ba zan ce miki ban gaskata ba. Amma a kalli 'ya da ita a gaban gawar uwarta, wannan kuskure ne, kuma ina ba ki haƙuri. Da abokinsa Li'azaru ya mutu, Yesu ya yi kuka kafin ya tashe shi.

Safiya:
Na gode muku. Ya yi zafi, amma na fi son haka.

Nasiru:
Malam, na karɓi maganar yatsa. Amma har yanzu ina ganin shirun ya yi yawa a jana'izu. Ana binne mutum wasu na amsa waya, wasu na hirar kasuwa. Ni dai ba zan so a daina ambaton wuta a maƙabarta ba.

Malam Sulaiman:
Kada a daina. A ambace ta, mai maganar ya sa kansa a ciki, ya ce mu. Ni kaina in na tsaya a wurin, kabarina nake gani.

Kabiru, ga amsar Mama. A Bukhari, Sayyidina Umar ya ba da labarin wani mutum mai suna Abdullahi, ana yi masa laƙabi da Himar, yakan ba Annabi dariya. An sha kawo shi ana yi masa bulala saboda giya. Wata rana aka sake kawo shi, wani ya ce Allah ya la'ance shi, sau nawa ake kawo shi! Annabi ya ce kada ku la'ance shi, wallahi abin da na sani yana son Allah da Manzonsa. Ka karanta mata wannan. Ka ce mata ɗanta Musulmi ne, an yi masa wanka, an sallace shi, addu'arta tana isa gare shi, sadakarta ma haka. Sannan ku bincika ko ana binsa bashi.

Kabiru:
Na dawo. Jiya bayan isha'i na zauna kusa da ita na karanta mata hadisin daga wayata. Ta ce in maimaita. Da na kai wurin yana son Allah da Manzonsa sai ta kifa kanta a kafaɗata ta fashe da kuka, kukan da ta riƙe kwana goma. Da ta lafa ta ce ai ko a buge ya shigo, in ya ji an ambaci Annabi sai ya yi salati.

Na nemo ɗaya daga abokan nan biyu da suka fita daga maƙabarta. Da farko ya ƙi ɗaga wayata. Da muka haɗu ya ce tun ranar bai taka masallaci ba, wai in abokinsa a wuta yake to shi ma ya san wurinsa. Na karanta masa abin da na karanta wa Mama. Shi ne ya faɗa mini mutum biyu da ke bin marigayin bashi, gobe za mu je tare mu biya.

Saura malamin. Zuciyata tana ce mini in je in same shi.

Malam Sulaiman:
Ka je, amma ba wannan makon ba. Ka bari zuciyarka ta huce, ka ɗauki limaminku, ku same shi shi kaɗai ba a gaban ɗalibansa ba. Kada ka kai masa hujjoji, ya san su. Ka faɗa masa tambayar da Mama ta yi maka a kan darduma, da abin da yaron nan ya ce game da masallaci.

Yaron kuma ka biya masa da asuba ku tafi tare.